Daga Gafaka Zuwa Kanta: Amsoshin Tambayoyinku Kan Tsofaffin Littattafai a Laburaren Jami'a

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru a kan batu ɗaya, wato abin da ke faruwa da tsofaffin littattafai da takardun tarihi bayan sun bar hannun masu su sun shiga laburaren jami'a. Mun taƙaita tambayoyin, kuma mun sakaya sunayen masu aiko su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malami ne kuma ya yi alƙalanci. Ya rasu ya bar akwatunan ƙarfe uku da gafakoki masu yawa cike da littattafan da aka rubuta da hannu, da wasiƙu, da wasu takardun da ba mu san ko na mene ne ba. Bayan mun yi shawara a tsakaninmu magada, sai muka miƙa su ga laburaren wata jami'a don kada su lalace a hannunmu. Yau shekara biyu ke nan, kuma duk sa'ad da na je sai a ce mini ana kan aiki a kansu. Wane irin aiki ne wannan da ba ya ƙarewa? Daga wani magidanci a Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Malam, ya saka muku da alheri bisa wannan shawara da kuka yanke, domin gidaje da yawa sun raba irin wannan dukiya a wurin rabon gado, kowa ya ɗauki ƙunshinsa, har littafi ɗaya ya watsu a gida uku. Ba zan yanke hukunci a kan laburaren da kuka kai wa kayan ba, amma zan bayyana maka aikin da ya kamata a ce ana yi, sannan in gaya maka abin da kake da haƙƙin a nuna maka.

Matakin farko shi ne rijista. Ana rubuta ranar da kayan suka iso, da wanda ya kawo su, da adadin akwatuna da gafakoki, a ba su lamba guda wadda za ta bi su har abada, a kuma ɗauki hoton kowane akwati a buɗe kafin a taɓa abin da ke ciki. A nan ne kuma ake sa hannu a yarjejeniya, domin kyauta daban take da ajiya ta amana wadda iyali ke iya karɓa daga baya, kuma duk biyun daban suke da sayarwa. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai zaunar da ku ya tambayi tarihin marigayin: inda ya yi karatu, da malamansa, da garuruwan da ya yi alƙalanci, da ko wasu littattafan gadonsu ya yi daga nasa mahaifin. Wannan bayani yana bakin dattawan gida ne kawai, kuma idan suka kau ba a rubuta shi ba, babu katalog, wato kundin jerin littattafai da bayaninsu, da zai dawo da shi.

Bayan haka ba a wucewa da kayan kai tsaye zuwa ma'ajiya. Ana killace su a wani ɗaki daban, saboda akwatin da ya shekara da shekaru a ƙuryar ɗaki yana iya zuwa da gara, ko kyankyaso, ko ƙananan ƙwarin da ke huda takarda, ko fumfuna, kuma ƙunshi ɗaya mai ƙwari ya isa ya janyo wa sauran littattafan laburaren asara. Inda ake da kayan aiki, akan ɗaure ƙunshin a leda yadda iska ba za ta shiga ba, a sa shi a firiza mai sanyin kusan digiri 20 ƙasa da sifiri na tsawon mako guda ko fiye, sannan a bar shi ya huce a hankali kafin a kwance ledar, don kada raɓa ta sauka a kan takardar. Daga nan sai sharar ƙura da burushi mai laushi, warƙa bayan warƙa.

Abin da ya fi cin lokaci, kuma wanda na fi so ka fahimta, shi ne ƙa'idar da masu wannan sana'a suka ginu a kanta: ba a cakuɗa kayan mutum ɗaya da na wani, kuma ba a rushe tsarin da mai kayan ya bar su a kai. Wanda bai saba ba zai ga kamar dabara ita ce a tsame littattafan fiƙihu a kai su wurin fiƙihu, na nahawu wurin nahawu, wasiƙu kuma a tara su gefe guda. Yin haka ɓarna ce, domin tarin littattafan malami shi ma shaida ne, ban da abin da ke rubuce a cikinsu. Idan aka sami wasiƙar wani hakimi a tsakiyar babin gado na littafin fiƙihu, wannan yana nuna shari'ar da alƙalin yake dubawa da kuma inda ya nemi hujja, amma da zarar an zare wasiƙar an kai ta wani fayil, wannan alaƙa ta tafi ke nan. Misali sananne shi ne tarin littattafan Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962. Tarin nasa, wanda ya haura guda 3,000, yana Jami'ar Northwestern ta Amurka da sunansa, kuma saboda an bar shi a dunƙule masu bincike suna iya ganin abin da malamin Kano na tsakiyar ƙarni na 20 yake karantawa da koyarwa, daga tauhidi da fiƙihu da waƙoƙin yabon Annabi har zuwa magunguna da asirai.

Sai kuma matsalar da ta keɓanta da littattafanmu. Malaman ƙasar Hausa da Borno ba su cika ɗinke littafi ba. Warƙoƙi ne a sake, ana jera su a tsakanin marfin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka, wanda hakan ya sa malami ke iya ba ɗalibai uku sassa uku na littafi ɗaya a lokaci guda. Amma da zarar ƙunshi ya faɗi ƙasa, ko yaro ya yi wasa da shi, ko an tattara shi cikin gaggawa saboda ɗigar ruwan damina, tsarinsa ya rikice. Ka ɗauka ma'aikaci ya kwance ƙunshi ɗaya mai warƙa 200. Kafin ya motsa ko guda, zai bi su da fensir mai laushi ya rubuta lamba ƙarama a kusurwar kowace, bisa jerin da ya same su, domin ko da ya yi kuskure daga baya a iya komawa yadda suke. Sannan ya fara bin kalmar nan da magabata ke ajiyewa a ƙasan bayan warƙa, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Yana cikin bi sai ya ga a warƙa ta 40 kalmar ba ta dace da ta gaba ba, rubutun ya canza daga hannu mai kauri zuwa siriri, tawadar ma ta sauya daga baƙa wuluk zuwa ruwan ƙasa. Ashe wani littafin ne ya shigo. A ƙarshe ƙunshin da aka ɗauka littafi ɗaya ne yana iya zama littattafai shida, biyu daga cikinsu babu farko, ɗaya kuma ƙarshensa yana can cikin wata gafakar daban, ga waƙar ajami mai falle biyu da laya da lissafin bashi a tsakaninsu. Kowane ɗaya sai an gano marubucinsa da sunansa, an ƙirga warƙoƙinsa, an auna tsawo da faɗinsa, an rubuta jumlar da ya buɗe da ita da wadda ya rufe da ita. Aikin yana buƙatar wanda ya iya Larabci, ya saba da rubutun Magaribi irin namu, ya iya karanta ajamin Hausa ko na Fulatanci, kuma ya san littattafan da ake karantawa a zaure, kuma irin waɗannan mutane ba su da yawa a kowane laburare.

Duk da haka, Malam, shekara biyu babu ko takarda ɗaya da za a nuna maka ba abin da za a kare ba ne. Tun a 2005 wasu ma'aikatan adana tarihi biyu a Amurka, Mark Greene da Dennis Meissner, suka tayar da muhawara a kan cewa neman kammala komai daki-daki shi ne ke sa kaya su yi shekaru a kulle babu mai amfana da su, don haka gara a fara da bayani na gaba ɗaya a buɗe wa masu bincike, a ci gaba da zurfafawa daga baya. A ganina wannan ra'ayi ya dace da halin da muke ciki, inda ma'aikata suka yi kaɗan kuma kaya suka yi yawa. Saboda haka idan ka koma, ka nemi ganin shugaban sashen da kansa, ka nemi lambar rijistar kayanku, da kwafin yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, da jerin abin da ke cikin kowane akwati ko da a taƙaice ne, ka kuma roƙi a kai ka ka ga inda suke ajiye. Idan an sauya musu mazauni zuwa kwalayen da ba su da sinadarin da ke cin takarda, an ɗaga su daga ƙasa, an nisanta su da bango da taga, kuma gafakokin suna nan da lambar da ke haɗa kowace da ƙunshinta, to aiki yana tafiya. Idan kuwa akwatunan suna nan yadda kuka sauke su, ka rubuta takarda zuwa ga shugaban laburaren ka nemi a sanya lokaci.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin tarihi. A katalog nakan ga an rubuta cewa an kwafi littafi kaza a ƙarshen ƙarni na 19, alhali babu kwanan wata a jikinsa. Ta yaya ake sanin haka? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, da farko ki riƙa bambanta lokacin da aka wallafa littafi da lokacin da aka kwafi wanda ke gabanki. Littafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, yana iya kasancewa a hannun wani almajiri da ya kwafe shi a 1940, kuma yawancin kwafe-kwafen da ke laburarenmu irin waɗannan ne. Wuri na farko da ake dubawa shi ne ƙarshen littafin, inda mai kwafi yakan rubuta cewa ya kammala da godiyar Allah, wani lokaci ya ambaci sunansa da na wanda ya rubuta wa, jefi-jefi kuma ya sa rana da wata. Abin takaici shi ne sau da yawa yakan ce ya gama ranar Alhamis bayan la'asar, ya bar shekarar.

Idan waƙa ce, ki nemi ramzi a baitocin ƙarshe, inda ake dunƙule shekarar Hijira a cikin haruffa, tunda kowane harafin Larabci yana da adadin da yake wakilta. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa, domin lissafin haruffa na Magaribi, wanda malamanmu ke bi, ya saɓa da na Gabas. A namu harafin shinun 1,000 ne, a na Gabas kuwa 300. Idan kika haɗa haruffan shinun da ra (200) da lam (30) da ba (2), bisa lissafinmu za ki sami 1232, wato shekarar rasuwar Shehu, amma wanda ya bi lissafin Gabas zai sami 532, ya yi kuskuren shekara 700 cif. Ki kuma tuna cewa ramzi yana nuna shekarar da aka yi waƙar ne, kuma masu kwafi suna maimaita shi yadda suka same shi.

Inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai a koma ga takardar kanta. Idan aka ɗaga warƙa aka haska ta daga baya, akan ga tambarin masana'antar da ta yi ta a cikin jikinta. Wanda ya fi yawa a littattafanmu na ƙarni na 19 shi ne tambarin jinjirin wata uku a jere, na takardar da ake yi a arewa maso gabashin Italiya, musamman a masana'antun iyalin Galvani da ke yankin Pordenone, wadda fatake ke ratso Sahara da ita ta Tarabulus zuwa Kano da Borno. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma layin dogo ya iso Kano a 1911, sai takardar da ke shigowa ta bakin teku ta yawaita, har aka koma rubutu a takarda mai layi ta ofis da ta makaranta. Tambari yana gaya miki cewa ba a yi rubutun kafin lokaci kaza ba, amma ba ya gaya miki ranar da aka yi shi, tunda takarda tana iya daɗewa a ajiye. Shi ya sa mai katalog na ƙwarai yake rubuta kimanin lokaci, yana haɗa shaidar takarda da ta salon hannu da ta sunayen da aka ambata a gefen shafi. Wajen tantance marubuci kuwa, ana gwada farkon littafin da abin da ke cikin katalog ɗin da suka gabata, tun daga wanda wani ma'aikacin laburare mai suna Kensdale ya fitar na laburaren Jami'ar Ibadan tsakanin 1955 da 1958, da rahotannin shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, har zuwa babban kundin da masanin tarihi John Hunwick ya tattara na marubutan wannan yanki a 1995.

Tambaya: Muna da Alƙur'ani rubutun hannun kakanmu, wasu warƙoƙinsa sun yage. Na yi niyyar liƙe su da salatif sannan in kai a rufe su da leda mai zafi kamar yadda ake yi wa takardun makaranta. Ko hakan ya yi? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki yi ko ɗaya, domin wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Danƙon salatif yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita, bayan 'yan shekaru ledar ta ɓare ta bar danƙon, wani lokaci ma ta tafi da rubutun. Rufewa da leda mai zafi ta fi muni, saboda ba a iya warware ta ba tare da an lalata warƙar ba. Ƙa'idar masu gyaran takarda ita ce kada a yi abin da ba za a iya kwancewa ba, don haka suna amfani da wata siririyar takarda ta Japan da kunun sitaci na alkama, wanda ɗan danshi kaɗan ke sakinsa. Ko wannan ma ba aikin gida ba ne, domin tawadar da aka yi da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro tana narkewa da ruwa, wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe kuma takan ci takarda har harafi ya zama huda, kuma kowace da irin kulawar da take so. Abin da za ki yi shi ne ki sa kowace warƙa da ta yage a cikin farar takarda mai tsabta da aka ninka biyu, ki bar ta a gurbinta, ki naɗe Alƙur'anin da farin ƙyalle na auduga, ki ajiye shi a kwance a wuri mai tsayi inda babu zafin rana kuma babu laima. Kada ki kulle shi a leda da damina, kuma kada ki fesa masa maganin sauro ko turare. Idan kina son a duba shi, cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda tushensa littattafan da marigayi Boubou Hama ya tattara ne.

Tambaya: Tunda yanzu ana iya ɗaukar hoton kowane shafi a zuba a kwamfuta, me ya sa ake kashe kuɗi wajen adana takardun asali? Kuma ba ta wannan hanyar ce ake kwashe mana tarihi zuwa ƙasashen waje ba? Daga wani malamin makaranta a Sakkwato.

Amsa: Malam, hoto yana da babban amfani, domin yana rage yawan hannayen da ke taɓa takarda, yana kuma ba ɗalibin da ke Maiduguri damar karanta abin da ke Kaduna ba tare da ya hau mota ba. Abin da ya faru a Timbuktu a watan Janairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka ƙone ko suka salwantar da kimanin littattafai 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, ya isa hujja a kan cewa abin da ke da kwafi ɗaya tak yana cikin haɗari. Sai dai hoto ba ya maye gurbin asali. Tambarin da na yi wa ɗalibarmu bayani a sama ba ya fitowa a hoton da aka ɗauka da hasken gaba, haka nan kaurin takarda da nau'in tawada da inda aka kankare aka sake rubutu. Kuma na'ura ma tana tsufa, har ta fi takarda saurin mutuwa. Fina-finan maikurofim, wato siraran fina-finai masu ɗauke da ƙananan hotunan shafuka, da aka ɗauki littattafai da su a shekarun 1960 suna iya narkewa su riƙa warin tsami idan zafi da laima suka yi musu yawa, na'urorin karanta su sun yi wuya, faifan kwamfuta kuwa yana iya ƙin buɗewa bayan shekaru kaɗan, alhali takardar Italiya da aka yi da tsummokara tana nan da ƙarfinta bayan shekara 150. Saboda haka ake ajiye hotunan a wurare daban-daban, ana sabunta ma'ajiyarsu lokaci bayan lokaci.

Akwai kuma abin da masu ɗokin na'ura ke mantawa da shi, wato ɗaukar hoto yana zuwa ne bayan tsarawa da bayani. Idan aka ɗauki hotuna 50,000 na warƙoƙin da ba a sa wa lamba ba, ba a kuma san wane littafi ne ya fara a ina ya ƙare a ina ba, an mayar da rikicin cikin akwati zuwa cikin kwamfuta ne kawai.

Game da fargabarka ta biyu, tana da tushe, domin akwai littattafan ƙasar nan da wasiƙun sarakunanta da suka fita a zamanin mulkin mallaka da bayansa. Amma ya kamata a bambanta fitar da asali da fitar da hoto. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, sharaɗinsa shi ne takardun asali su zauna a ƙasarsu, a kuma bar kwafin hotunan a wata cibiya ta cikin ƙasar. Cibiyoyin da za su riƙe irin wannan amana muna da su, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da sashen rubuce-rubucen hannu na Jami'ar Bayero, da cibiyar tarihi mai sunan Waziri Junaidu a nan garinku. Abin da nake ba iyalai shawara a kai shi ne su karanta yarjejeniya da kyau kafin kyamara ta fara aiki: a rubuta wanda ya mallaki hotunan, da ko za a sa su a intanet kowa ya gani ko sai wanda ya nemi izini, da abin da za a yi da takardun da suka shafi sirrin mutane, kamar shari'o'in aure da gado da bashi waɗanda jikokin masu su suna raye. Iyali suna da damar cewa a rufe irin wannan sashe na wasu shekaru da za a ambata a rubuce, kuma su karɓi cikakken kwafin hotunan tare da jerin bayaninsu a ranar da aka mayar musu da littattafan ko aka shigar da su ma'ajiya.